Tsattsewa ta Rayyis Kabo

"Ja can, Wada. Ja har sai ka ji ya ƙi. Mukhtaru, kai kuma ɗaga gefenka, kar shi sha ƙasa."

Wada ya ja. Farin ƙyallen ya miƙe a tsakiyar lungu, daga ƙofar gidansa har ya wuce ƙofar gida ta uku, mai kusurwa uku, mai kauri kamar fatar bijimi. Shira'i mutanen teku ke ce masa, shi ne iska ke bugawa ta tura jirgi. Amma nan Hindawiyya ce, cikin Makka, inda babu ruwan da ya fi kusa sai na garwar mai ga-ruwa, wanda ya tsaya a bakin lungun da sandarsa a kafaɗa yana jiran a ba shi hanya.

Rayyis Kabo yana zaune a kan kujerar igiya a inuwar bango, ƙafafunsa a kumbure har sun fi ƙarfin takalmi. Ya sa aka riƙa miƙo masa gefen ƙyallen kaɗan-kaɗan, yana bin ɗinkin da babban yatsa. Wata huɗu ya yi yana wannan aiki da basilla da zare mai kakin zuma, kullum daga hantsi zuwa azahar. Da ya kai ƙarshe sai ya ciji ragowar zaren ya tofar.

"Ya yi," ya ce. "Ku naɗe. Wada, ran Asabar za ka kai ni Jidda."

Wada ya saki gefen ƙyallen. Kafin ya sami abin cewa, muryar Sa'adatu, 'yar tsohon, ta fito daga bayan labulen ƙofa.

"Abuya, wace Jidda? Kai da banɗaki ma sai an riƙe ka? Halas, magana ta ƙare, ba inda za ka."

"Ɗiyata, da Wada nike magana."

"Likita ya ce zuciyarka..."

"Likita bai san teku ba."

Mukhtaru, mijin Sa'adatu, ya sunkuyar da kai yana naɗi, kamar ba da shi ake ba. Mai ga-ruwa ya raɓa ya wuce.

Wada direba ne, mutumin Rano, shekararsa goma sha biyu a Makka. Yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya wadda yake jigilar kifi da ita cikin ƙanƙara daga kasuwar Jidda, sau uku a mako. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Mukhtaru. Shekara biyu da suka wuce, da ciwo ya kayar da Kabo, shi ne ya ɗauko shi daga Jidda a gaban motar, da akwatinsa na ƙarfe da buhun igiyoyi. A hanyar ya fara jin labarin Tsattsewa, jirgin tsohon, kuma tun daga ranar bai daina ji ba.

Kabo Basarke ne, ɗan masunta daga wajen Yawuri, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Ya taso aikin Hajji a ƙafa yana saurayi, ya shekara bakwai a hanya, da ya iso Sawakin, a gaɓar Sudan, ya ga Bahar Maliya sai ya ji kamar ya dawo gida. Ya yi leburanci a jiragen katako masu shira'i, waɗanda ake kira sambuk, har ya zama rayyis, wato mai riƙe da akalar jirgi. Tsattsewa tsohuwa ya same ta, a yashe a gaɓar Jidda, wani Bayamane ya haƙura da ita. Shekara biyu yana sauya mata katako ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ne, amma Kabo bai taɓa ce mata "shi" ba. Larabawa sun kasa faɗin sunan, sai suke cewa Sasewa.

A wancan zamani ba a gina doguwar kwatar Jidda ba. Manyan jiragen alhazai can nesa suke tsayawa saboda duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa. Da an hango hayaƙinsu sai masu sambuk su fita a guje, wanda ya fara isa shi ke kwasar alhazai da kayansu. Mutum biyu ne aka sani a wannan tsere, Kabo da wani Bahaushe haifaffen Sawakin mai suna Ja'afaru, kuma sau da yawa Ja'afaru bayan Tsattsewa yake kallo. Da aka gina kwata, jirage masu inji suka cika ruwa, su biyun suka koma su, suna zagin juna suna cin abinci a kwano ɗaya. Ja'afarun ne Kabo ya bar wa Tsattsewa da zai taho Makka.

Tun daga nan Wada ya zama ɗan aike. Duk ranar da zai tafi Jidda, Kabo na da saƙo. A gaya wa Ja'afaru ya duba audugar da ke tsakanin katakai. A shafe cikinta da man kifi. A shafe gindinta da kitse da farar ƙasa kafin zafi. In an fito da ita tudu, kullum a watsa mata ruwan teku kar ta bushe. In ya dawo kuma, tun bai kashe mota ba zai ji muryar tsohon ta kan katanga: "Yaya ka baro ta?"

A watan Rabi'ul Awwal ne Ja'afaru ya ja Wada gefe. Ya kai shi inda aka jawo Tsattsewa tudu, ya karɓi sukudirebarsa, ya soka a dogon katakon da ke ƙasan jirgin, wanda shi ne ƙashin bayanta. Ƙarfen ya shige har mariƙi kamar an soka shi a burodi.

"Tsutsar ruwa," in ji Ja'afaru. "Ta gama. In ka faɗa masa, kai ka kashe shi."

A yammacin ranar, da muryar ta zo ta kan katanga, Wada ya ce, "Tana nan lafiya, Baba." Mako na gaba ya sake faɗa. Daga baya har ƙari ya riƙa yi, ya ce an yi mata sabon fenti, ya ce ya ga Ja'afaru ya fita da ita. Da ya ga yadda fuskar tsohon ke washewa sai ya ɗauka alheri yake yi. Cikin wannan daɗi ne Kabo ya ce ai shira'inta ya tsufa, ya aiki Mukhtaru kasuwa ya sayo yadi.

Ranar da aka gwada shira'in, da Wada ya shiga gida, matarsa Asiya ta ajiye masa shinkafa amma ya kasa ci.

"Tun farko na ce maka abin nan ba zai ɓulle ba," ta ce. "Ka je ka faɗa masa yau. Gara ya ji a ɗakinsa da ya gani a bakin ruwa."

"Wata huɗu yana ɗinki, Asiya. Da wane baki?"

"Da bakin da ka ce an yi mata fenti."

Suna cikin haka Sa'adatu ta yi sallama. Ba ta zauna ba, ta tsaya daga ƙofa da mayafinta.

"Malam Wada, ka ce motarka ta lalace. Don Allah. Ba komai nake tsoro ba sai ya cika a hanya. Na kawo shi nan don in lokacinsa ya yi a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala. Mahaifiyata a Jidda ta rasu yana tsakiyar teku, sai bayan kwana uku ya ji. Shi kaɗai ya rage min."

Ita ba ta san halin da jirgin ke ciki ba. Wada ya ga hanya ta buɗe masa, ƙarya ɗaya za ta rufe masa duk na baya. Ya dubi Asiya, ta kau da kai.

"Zan yi masa magana," ya ce.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga ɗakin Kabo. Ya same shi ya jera kaya a kan tabarma, gwangwanin man kifi biyu, ƙunshin auduga, ƙaramar guduma, da rigarsa ta teku wadda gishiri ya cinye mata launi. Har gemu ya sa an gyara masa.

"Baba, akwai wata magana."

"In ta Sa'adatu ce, na ji ta. Ta yi kuka, ta gama. Azumi saura kwana goma sha biyar, Wada. Ni na san jikina. In ban tahi yanzu ba, ba ni tahiya." Ya ɗago ya dube shi. "Ko wata ce daban?"

Wada ya dubi kayan da ke kan tabarma. "Ita ce," ya ce.

Asabar bayan sallar asuba suka ɗora shira'in a bayan mota. Sa'adatu ta fito da butar shayi da ƙullin magani, ta miƙa wa Wada ta taga.

"Amana na ba ka. Ka dawo min da shi cikin Harami da ransa."

Suka kama hanya. Kabo ya sauke gilashi, ya yi ta hira. Da suka wuce ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami bai ko waiwaya ba. A Bahara, inda direbobi ke yada zango, ya sha shayi kofi biyu, ya ce wa mai gahawa shi rayyis ne, yau zai ga jirginsa. Tun suna da sauran tafiya ya buɗe hanci ya ce ya ji ƙamshin ruwa. Wada dai sitiyari kawai ya riƙe.

Kudu da tashar jirage akwai wata gaɓa inda masunta ke jawo jiragensu. Nan Wada ya tsaya. Ja'afaru, dogo siriri mai farin gemu, yana tsugune yana ɗinke koma. Da ya ga wanda ke gaban mota, sai komar ta zame daga hannunsa.

Tsattsewa tana can gefe, kwance a kan haƙarƙarinta, an tokare ta da gungume biyu. Tabarmin kaba da aka rufa mata sun yage, iska ta kwashe rabi. Fentinta ya ɓare. Tsakanin katako da katako haske na wucewa.

Kabo ya buɗe ƙofar mota. Ya sauko a hankali, ya dafa kafaɗar Wada, ya ce, "Guduma."

Daga goshinta ya fara. Ya buga, ya saurara, ya matsa taku ɗaya, ya sake bugawa. Wani wuri katakon ya amsa da ƙara, wani wuri ya yi dum kamar an bugi kabewa. Da ya zo ƙasa sai ya sa Wada ya taimake shi ya durƙusa, ya bi ƙashin bayan da farce, ya auna da kamu. Ya sa yatsu huɗu a wata tsaga suka shige. Sun fi rabin sa'a a haka, rana na hawa. Sai da ya zagaye ta duka sannan ya jingina da ita yana haki.

"Yaushe kunka gani?"

"Rabi'ul Awwal," in ji Ja'afaru.

"Yaushe ka bar watsa mata ruwa?"

Ja'afaru ya dubi ƙasa. "Tun lokacin. Na ga ba amfani."

"Tsutsa kamu shida ta ci. Daga nan zuwa nan. Kamu shida yanke shi akan yi a sa sabo, na yi mata haka sau biyu da hannuna." Ya buga gudumar a busasshen katako. "Sauran duka rana ta ci. Rana da ku biyu."

"Wa zai yi aikin, Kabo? Kai da ba ka iya tsayuwa? Kafintan da ya iya ya mutu, sauran duk inji suka sani."

"Da sai ku bar ni in hwaɗi da bakina ba ni iyawa. Tawa ce."

Wada ya ce, "Baba, laifina ne. Ni na..."

Kabo ya ɗauke hannunsa daga kafaɗar Wada. Da kansa ya taka, yana jan ƙafa, har zuwa wani kwalekwale da aka kife, ya zauna a kai ya ba su baya. Wada ya tsaya riƙe da butar shayi bai san inda zai sa kansa ba. Ya gwammace a ce tsohon ya zage shi.

Can an jima, ba tare da ya juyo ba, Kabo ya ce, "Ɗan Sawakin, naka fa? An ce inji za ka sa."

"Bayan Salla."

"To yau ba bayan Salla ba ce. Ku sauko da shira'in can."

Jirgin Ja'afaru yana kan ruwa, ɗaure kusa da gaɓa. Shi ma tsoho ne, ya fi Tsattsewa faɗi da nauyi, amma tsawon sandar da ake ɗaura shira'i kusan ɗaya ne. Aka kira masunta biyu suka kama. Kabo yana zaune yana ba da umarni, a ƙara ja nan, a sassauta can, wancan ƙulli na mata ne a kwance a sake. Suka yi azahar a kan yashi. Lokacin iskar arewa ta taso, ta fara kaɗa bakin rigunansu.

Masuntan suka ɗauki Kabo cak suka sa shi a bayan jirgin, inda sandar juya akala take. Sai a sannan ya dubi Wada.

"Shigo."

"Baba, ban iya ruwa ba."

"Ba iyo na ce ka yi ba. Ga gwangwani nan, kwasar ruwa za ka yi."

Wada ya naɗe wando ya shiga. Ja'afaru da masunci ɗaya suka ja igiya, shira'in ya hau sama yana kaɗawa da ƙara kamar ana bugun shanya, sannan ya cika ya yi shiru. Jirgin ya karkata. Wada ya rungumi katakon da yake zaune a kai yana salati. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar kifi, bai taɓa taka ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne rashin ƙara. Ba inji, ba girgiza, sai ruwa yana tsagewa a gaba da kukan igiya.

Sun yi nisa kaɗan sai ga wani sambuk na Yamanawa ya fito ta hagunsu, shi ma ya nufi wani dogon ƙarfe da aka kafa a kan dutse don nuna mashiga. Rayyis ɗinsu ya dubi sabon shira'in, ya dubi tsofaffin biyu, ya yi wa mutanensa magana suka ƙara jan igiya. Ba wanda ya ce a yi tsere. Ja'afaru dai ya tofa yawu a tafin hannu.

"Sun fi mu sauƙi," ya ce.

"Ja naka ka yi shiru."

Yamanawan suka fara yin gaba. Kabo bai bi su ba, sai ya karkata dama, inda ruwan ya sauya daga shuɗi zuwa kore, da wasu wurare ruwan ƙasa.

"Kabo, nan ba hanya! Jirgina ya fi naka nitso!"

"Da kamu ɗaya. Ruwa ya hau, akwai kamu biyu. Wada, koma wancan gefen, ka kwanta da nauyinka duka."

Wada ya rarrafa ya koma. Da ya leƙa sai ya ga duwatsun ƙarƙashin ruwa suna wucewa dab da su, har da ƙananan kifaye masu launi, kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ya rufe ido. Ya ji wani abu ya gogi gindin jirgin sau ɗaya, a hankali. Da ya buɗe ido ruwan ya koma shuɗi, ƙarfen yana gabansu, Yamanawan kuma suna baya da tsawon jirgi uku, suna ɗaga hannu suna ihu.

Ja'afaru ya yi ta dariya har da buga cinya. Kabo bai yi dariya ba, amma idonsa ya yi haske.

"Shekara ashirin da biyar kana zagin jirginka," ya ce, "ashe ɗinkinka ne ba shi da kyau."

Daga nan tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har ya dunƙule, hannunsa ya saki sandar, jirgin ya fara juyawa. Ja'afaru ya yi tsalle ya kama. Wada ya tallafi tsohon, ya ji ƙirjinsa yana kuka kamar tukunya a wuta, leɓɓansa sun yi duhu. Ya ɓalle ƙullin magani da haƙori ya sa masa ɗaya a baki. Suka juyo gaɓa.

Kafin a sa shi a mota, Kabo ya sa an tsaya da shi gaban Tsattsewa. Ya ce wa Ja'afaru ya cire dogon itacen tsakiya da ake ɗaura shira'i ya ajiye, lafiyarsa lau. Ya cire ƙusoshi da sandar akala. Sauran a faskara a ba matan da ke suyar kifi.

"Kar ka bar ta nan mutane suna zagayawa bayanta suna tsugunno. Cikin makon ga za ka yi."

"Shira'in fa?"

"Ka ɗauka zan koma da shi Makka in rufe akuya?"

La'asar ta yi suka kama hanya. Kabo ya jingina kai da ƙofa, ido a rufe, numfashinsa yana fita da ƙyar. Wada ya taka motar yadda bai taɓa taka ta ba. Bai tsaya a Bahara ba. Kowane ɗan lokaci sai ya saci kallon ƙirjin tsohon ya ga ko yana motsi, muryar Sa'adatu tana yawo a kansa. Rana na dab da faɗuwa ginshiƙan iyaka suka bayyana, suka wuce ta tsakaninsu.

"Rage gudu," in ji Kabo, bai buɗe ido ba. "Mun shigo. Kar ka kashe mu a banza."

Iyakar abin da ya ce ke nan har gida.

Bai sake tashi daga shimfiɗa ba. Sa'adatu ba ta yi wa Wada faɗa ba, amma ta daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Kwana takwas yana zuwa ƙofar ɗakin, kullum a ce masa Baba ya yi barci, ko da kuwa yana jin tarinsa daga ciki. In ya dawo daga Jidda ya kashe mota, sai ya tsinci kansa yana zaune yana sauraron katanga. Ba muryar da ke zuwa.

Rana ta tara, da hantsi, Mukhtaru ya leƙo ya ce ana kiransa. Ya sami Kabo an tokare shi da matasai uku, don ba ya iya kwanciya sosai. Ya rame, in ban da ƙafafun.

"Jiya ka je?"

"Na je, Baba."

"Yaya ka baro ta?"

Wada ya zauna a bakin tabarma. "An faskara rabi. Ja'afaru ya cire itacen tsakiya, ya shafe shi da mai ya sa a rumfarsa. Ƙusoshi sun cika gwangwani biyu. Matan suya suna ta ɗiba, sun ce katakon yana ci da kyau, sai dai hayaƙinsa ƙarnin kifi."

"Ƙashin bayan hwa?"

"Da aka ɗaga shi sai ya karye biyu. Inda tsutsa ta ci gari ne kawai. Sauran kuma da ƙyar gatari ya shige shi."

Kabo ya gyaɗa kai a hankali. "Na hwaɗa muku. Itacen Hindu ne." Ya tsaya neman numfashi. "Ja'afaru ya hita da shira'in?"

"Sau biyu. Ya ce yana ja masa hagu kaɗan."

"Ƙarya shikai. Hannunai ne ke ja hagu." Ya ɗan motsa baki kamar zai yi murmushi. "Zuba muna shayi, Wada. Kai ma ka sha."

Suka sha tare. Tsohon kurɓa biyu ya yi ya miƙo kofin.

Bayan kwana biyu, ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Wada yana wanke ɓawon kifi daga bayan mota sai ya ji salatin Sa'adatu ya tashi, na Asiya ya biyo baya. Ya ajiye bokitin. Mukhtaru yana wurin aikin ginin Harami, don haka Wada ne namijin da ya fara shiga. Kabo yana zaune yadda aka tokare shi, kansa ya ɗan karkata. Wada ya shafe masa ido, ya zare matasan ɗaya bayan ɗaya ya miƙar da shi. Sa'adatu ta ce ruwa ya nema, ta je ɗebowa, kafin ta dawo rai ya yi halinsa.

Aka aika a kira Mukhtaru da mai wanka. Wada ya je tashar tasi ya sami direban da zai tafi Jidda, ya kwatanta masa gaɓar masunta da dogon tsoho mai farin gemu. Ya dawo ya sake wanke bayan motar har sau uku da sabulu, Asiya ta turara ta, aka shimfiɗa darduma. A ciki aka ɗauki makarar zuwa kusa da Harami, daga nan maza suka karɓa a kafaɗa. Bayan sallar la'asar aka yi masa salla tare da wasu gawawwaki huɗu, dubban mutanen da ba su san sunansa ba suka bi sahu. Aka kai shi Ma'ala. Da za su fito daga gida, Sa'adatu ta ce wa Wada daga bayan labule, "Allah ya saka, Malam Wada. Ka dawo da shi."

Mutane sun watse, Wada yana bakin ƙofar maƙabarta zai tafi, sai ga tasi ta tsaya. Ja'afaru ya fito da rigar aikinsa, zanen gindinsa a jiƙe da ruwan teku har yanzu, ƙafafunsa duk faso.

"An rufe?"

"An rufe, Baba Ja'afaru."

"Kai ni."

Suka bi tsakanin kaburburan, duk iri ɗaya, ba suna, sai ƙananan duwatsu. Wada ya gane wurin da danshin ƙasar. Ja'afaru ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Bai tafi ba. Ya dubi duwatsun da suka kewaye garin ta kowane gefe, ya juya kuncinsa dama, ya juya hagu, kamar yadda mutanen teku ke yi in suna neman inda iska ke busowa. Sannan ya sunkuya ya ɗebi ƙasa kaɗan da yatsu uku, ya ɗaga hannu daidai kafaɗa, ya saki.

Ƙasar ta zubo tsaye, ta sauka a kan yatsun ƙafarsa.